Kalmar "Sarki" a Ƙasar Yawuri: Ma'anoninta da Sauye-sauyenta a Tarihi

Gabatarwa

Kalmar sarki tana daga cikin kalmomin da Bahaushe yake furtawa kullum ba tare da ya tsaya ya auna nauyinsu ba. Da ita ake kiran mai sandar mulki wanda ake yi wa algaita da tambari a ƙofar fada, da ita kuma ake kiran dattijon da ke raba wa mahauta rumfuna a kasuwar ƙauye, har ma da iskar da 'yan bori suke cewa tana zaune a rafi. Ɗalibin da ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 zai tarar da sarakuna iri-iri a ƙarƙashin kalmar, amma ƙamus ba ya faɗin yadda aka yi kalma guda ta ɗauki wannan kaya duka. Sai an koma ga tarihi.

Wannan maƙala za ta bi sawun kalmar a ƙasar Yawuri, watau yankin da a yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga a Jihar Kabi. An zaɓi Yawuri ne saboda ta haɗa abubuwan da ba a cika samunsu tare ba a Kano ko Katsina: gwamnatin Hausawa a kan jama'ar da yawancinsu ba Hausawa ba ne, da kogi mai tsibirai wanda yake da nasa shugabanni, da kuma madatsar ruwan da ta haɗiye ƙasa ta bar masu sarautarta. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ita wannan kalma ba ta auna girman muƙami ko faɗin ƙasa. Dangantaka take nunawa tsakanin mutum da waɗanda suka sallama masa a kan wani al'amari. Masu ƙarfi daga waje sun sha fahimtarta dabam, kuma an ga abin da hakan ya haifar.

Ginin kalmar

Idan aka jera sarki da sarauniya da sarauta da sarakuna da saraki da basarake, za a ga saiwarsu ɗaya ce, watau sar-. Wasu manazarta sun kai wannan saiwa har ga harsunan tsohuwar Iraƙi, inda ake kiran mai mulki sharru, kasancewar Hausa da waɗancan harsuna 'yan babban gida ɗaya ne. Kamannin yana da ban sha'awa, amma kama da wane ba ta wane, kuma wanda ya gina tarihin ƙaura a kan baƙaƙe biyu da wasali ɗaya ya yi gini a kan yashi. A Yawuri kanta akwai abin da zai sa a yi hattara. Masuntan da ake kira Sarkawa, duk da yadda sunansu ya yi kama da jam'in sarki, ba su da alaƙa da kalmar. Sunan ya samo asali ne daga Sorko, masuntan daular Songhai da suka bi Kwara da Gulbin Kabi.

Abin da ya fi asalin kalmar amfani shi ne ɗabi'arta a cikin jimla. Idan aka ce "Sarki ya fito" a kasuwar Yelwa, ba wanda zai tambayi wane sarki, domin mutum ɗaya ne a garin yake da ikon ɗaukar kalmar tsirara. Duk sauran sai sun jingina ta ga wata kalma: Sarkin Ruwa, Sarkin Jirgi, Sarkin Pawa, Sarkin Noma, Sarkin Shanga. Ke nan nauyin ma'ana yana kan kalma ta biyu, ita ce take faɗin a kan wa, ko a kan me, aka sallama wa mutumin. Daga nan ne ma'anar gwaninta ta ɓullo, inda ake cewa wane sarkin haƙuri ne ko sarkin yawo, ba tare da an naɗa masa rawani ba. A can ƙoli kuma Bahaushe ya ajiye wa Mahalicci kalmar, shi ya sa "Allah Sarki" take fita daga baki a lokacin tausayi.

Sarkin mutane da sarkin ƙasa

Yawuri tana cikin ƙasashen da Muhammadu Bello ya lissafa a Infaƙul Maisuri a rukunin da aka fi sani da Banza Bakwai. Tsofaffin mazaunanta su ne Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Reshe, da Kambari da Dukawa da Lopawa da Shangawa, su kuwa na ƙarshen harshensu ɗan dangin Kyanga da Busa ne. A kan waɗannan jama'a aka kafa abin da Mahdi Adamu, wanda shi kansa ɗan Ngaski ne, ya kira gwamnatin Hausawa a kundinsa na 1968 a Jami'ar Ahmadu Bello. Fadarta tana Birnin Yawuri, harshen mulkinta Hausa ne, kuma hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja ta ƙara mata ƙarfi.

A nan kalmar ta yi wani aiki wanda ba ta yi ba a tsakiyar ƙasar Hausa, watau aikin fassara. Kowace daga cikin waɗannan ƙabilu tana da sunayen da take kiran shugabanninta da su a harshenta, kuma ayyukansu ba iri ɗaya ba ne: wani shugaban zuriya ne, wani mai kula da wurin bauta, wani jagoran farautar dorina. Da Bahaushen fada ya zo, sai ya lulluɓe su duka da mayafi ɗaya, wannan sarkin gari, wancan sarkin tsafi, ɗayan sarkin ruwa. Mayafin ya sauƙaƙa karɓar haraji, amma ya ɓoye bambanci mai girma, domin wanda fada take ganin shi ne shugaba, saboda shi ta naɗa, ba lalle ne ya zama shi jama'a suke tsoron saɓa wa ba a kan sha'anin gona ko rantsuwa. Bugu da ƙari, rawanin yakan ja mai shi zuwa ga harshen Hausa da Musulunci. Frank Salamone, wanda ya yi bincike a cikin Gungawa a farkon shekarun 1970, ya nuna yadda Bagungen da ya bi wannan hanya yakan wayi gari ana kiransa Bayauri.

Wani abin lura shi ne, sunan da ake jingina wa sarki sau da yawa na jama'a ne ko na tsohuwar daula, kuma yakan tsira bayan ƙasar ta kuɓuce. A ƙasar Ngaski an yi daular Kambari mai suna Maginga, wadda ba za a same ta a taswirar yau ba, amma sunanta yana nan a sarautar Sarkin Maginga. Wannan ba baƙon abu ba ne a yammacin ƙasar Hausa. Akwai Sarkin Kabi a Argungu, akwai wani a Yabo. Akwai Sarkin Gobir a Tsibiri da Sabon Birni da Isa da Gwadabawa. Akwai Sarkin Katsina a Maraɗi da Gusau, ban da na Katsinar kanta. Kowane daga cikinsu da'awa yake riƙe da ita, ko ta gado ko ta cin yaƙi.

Tarihin Yawuri na ƙarni na 19 ya gwada wannan ƙa'ida gwaji mai tsanani. Bayan rasuwar Muhammadu Albishir ɗan Ayi a 1829, ba a daɗe ba gidan sarauta ya rabu, yaƙin basasa ya ɓarke a shekarun 1840 tsakanin Jibrilu Gajere da Abubakar Jatau. Rikicin ya buɗe ƙofa ga Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, wanda ya kafa Kwantagora, da ɗansa Ibrahim bayansa, har yawancin ƙasar tudu ta koma ƙarƙashin ikonsu. Fadar Yawuri ta bar Birnin Yawuri ta fake a tsibirin Ikum, sai a 1888 Abdullahi Abarshi ya mai da ita Yelwa. A duk tsawon wannan lokaci mai sarautar bai daina zama Sarkin Yawuri ba, ko da yake birnin da ya ba sarautar suna ba ya hannunsa. Shi kuwa wanda ya ƙwace ƙasar, sarautarsa Sarkin Sudan ce, suna mai faɗin da ya wuce duk abin da dawakinsa suka taka. A yau Birnin Yawuri yana cikin ƙaramar hukumar Ngaski.

Sarakuna biyu da kyautar Mungo Park

Tun kafin wannan rikici an ga yadda kalmar take rikita baƙo. A farkon 1806 jirgin Mungo Park ya iso Yawuri, inda tafintansa Amadi Fatuma ya sauka domin a nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Bisa labarin da Amadi ya bayar a 1810, Park ya miƙa wa shugaban garin bakin ruwa kyauta, ya kuma ba shi wata domin ya kai wa babban sarki, wanda fadarsa take nesa kaɗan da kogi. Shugaban ya tambaya ko Turawan za su dawo. Da ya ji ba za su dawo ba, sai ya riƙe kayan, ya aika wa fada cewa baƙin sun wuce ba gaisuwa. Sarki ya fusata, ya ɗaure Amadi, ya tura mayaƙa suka tare jirgin a duwatsun Busa, inda Park ya halaka.

Masana tarihi da dama suna shakkar ƙarshen labarin, musamman batun cewa mayaƙan Yawuri ne suka yi tarkon. Amma farkonsa ya dace da tsarin ƙasar ƙwarai. A fassarar Ingilishi an bambanta mutanen biyu da kalmomi biyu, alhali a bakin Bahaushe duka sarakuna ne, ɗaya yana da mashiga da kuɗin fito, ɗaya yana da ƙasa da yaƙi. Fataken Gwanja sun san wannan sarai, sun san gaisuwar na bakin ruwa ba ta ɗauke ta fada, kuma madugu mai hankali da ƙafarsa yake kai ta biyun. Park ya ƙi sauka daga jirgi, ya wakilta wanda yake da moriya a cikin ɓatan saƙon. Da 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo neman takardunsa a 1830, sun shafe makonni a Birnin Yawuri, kuma a littafinsu sun kira mai Yawuri Sultan, suka kira na Busa da kalmarsu ta sarki. Mutanen Busa, waɗanda suke danganta gidan sarautarsu da Kisra, da ba su yarda da wannan fifiko ba.

Amir da sarki

Shugabannin jihadi ba su so kalmar ba. Littafin Kitabul Farƙi, wanda ake jingina wa Shehu Usmanu, ya soki sunayen sarautun Hausa, ya nemi a koma ga laƙabin amir. A rubutun Larabci an bi wannan, amma harshen jama'a ya ƙi, har Amirul Muminina ya zama Sarkin Musulmi, Amirul Jaishi ya zama Sarkin Yaƙi. Yawuri kuwa ba ta ma shiga wannan gardama ba. Ɗan Ayi ya nemi amana, ya riƙa kai gaisuwa Gwandu, gidansa ya ci gaba da mulki ba tare da an kawo mai tuta daga waje ba. Saboda haka sarki a Yawuri ya ci gaba da nufin abin da yake nufi kafin 1804, watau ɗan gidan da ya gada.

Abin da ya faru a 1915

Turawan mulkin mallaka su ne suka mai da kalmar tsani. Sun ɗauki amir suka ba manyan sarakunan Musulmi, suka ba sauran cif, suka raba sanduna masu daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku, sannan suka yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowace da shugabanta mai albashi. Hausa ta bi su da nata kalmomi, sai dai ba bai ɗaya ba. A Kano hakimi ne shugaban gunduma, dagaci na ƙarƙashinsa. A tsohon Lardin Sakkwato kuwa shugaban gunduma uban ƙasa ne, hakimi kuma shi ne na ƙasa da shi. Malamin da ya koyar da ɗalibin Yelwa da littafin da aka rubuta a Kano ya san wannan ruɗani. Amma duk waɗannan sunayen matakai ne na ofis. A bakin talaka, uban ƙasar Shanga Sarkin Shanga ne.

Idan sarauta mataki ce a tsani, to ana iya hawar da kowa, ana iya sauke kowa, ana kuma iya ɗora wannan a kan wancan. Wannan tunani ne ya yi aiki a Lardin Kwantagora a 1915. A shekarar aka tuɓe Sarkin Yawuri Jibrilu ɗan Abarshi, aka naɗa Aliyu, Bafillacen da ba shi da gadon gidan, saboda Turawa sun gamsu da ƙwazonsa a aikin gwamnati. A shekarar kuma aka tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani, aka sa Busa a ƙarƙashin Yawuri, aka ɗora wani bawan fada mai suna Turaki a kan gundumar. A takarda gyara ne mai kyau: baitulmali ɗaya, sarki ɗaya mai iya lissafi. A ƙasa kuwa, 'ya'yan sarautar Busa a ƙarƙashin Sabukki suka yi tawaye, suka kashe wasu daga cikin sababbin ma'aikatan, sai da aka kawo soja. Michael Crowder ya ba da cikakken labarin a littafinsa na 1973.

Gyaran bai yi ƙarko ba. An raba Busa da Yawuri, an tuɓe Aliyu a 1923 aka mayar da sarauta ga Abdullahi ɗan Jibrilu, wanda ya yi mulki har 1955, Kitoro Gani ma ya koma gadonsa a 1924. Turawan sun ba Aliyu sanda da albashi da 'yan doka, kuma ba wanda ya musa cewa yana da iko. Abin da ba su iya ba shi ba shi ne sallamawar da take sa a faɗi kalmar tsirara a san da wa ake. Tun daga 1923 sarautar ba ta sake barin gidan Abarshi ba: Muhammadu Tukur daga 1955, Shu'aibu Yakubu Abarshi daga 1981, sai Dokta Muhammadu Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka naɗa a 1999.

Ruwa ya ci ƙasa

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru ya miƙe fiye da kilomita 130, daga madatsar har kusa da Yelwa, ya tilasta wa kimanin mutum 44,000 tashi. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibiran Gungawa da yawa sun bi ta, tare da fadamun da suke noman albasar da Yawuri ta yi suna da ita. An gina wa mutane sababbin ƙauyuka a kan tudu, a zamanin Sarki Muhammadu Tukur.

Ga mai nazarin kalmar, nan ne wurin da ya fi cancantar a daɗe. Gungu a Hausa tsibiri ne, Gungawa kuwa mutanen tsibiri. Da sarkin gungu sarkin ƙasa ne kurum, da sarautarsa ta nutse tare da tsibirinsa. Ba haka aka yi ba, ya hau tudu da jama'arsa da rawaninsa, kamar yadda Sarkin Busa ya koma Sabuwar Busa da sunan garin da ke ƙarƙashin ruwa. Sai dai tudun da aka sauke su ba fili ne marar mai shi ba. Yana da waɗanda suka riga zama, da nasu sarki, da nasu masu kula da ƙasa. Aka wayi gari da sarakuna biyu a wuri ɗaya, ɗaya yana da mutane amma a kan ƙasar aro, ɗaya yana da ƙasa amma ba ya iko da baƙin da ke kanta. Hausa tana da hanyar bambanta su, domin ta daɗe da sanin sarkin zango da sarkin Fulani, waɗanda suke mulkin mutane a ƙasar wani. Abin da ya yi zafi shi ne, waɗanda suka koma wannan matsayi su ne ake ƙirgawa cikin mafiya daɗewa a ƙasar.

Sarautar ruwa kuma ta sami sabon yanayi. Tsohon sarkin ruwa ya san kogi mai gudu, ya san gurbi da duwatsu da lokacin da ake buɗe su, ga kuma abin da aka yi imani yana da shi na asirin kada da dorina. Tafki wani abu ne dabam, mai faɗi da igiya da kututturan itatuwan da ruwa ya rufe. Kifin da ya yawaita a shekarun farko ya jawo masunta daga nesa, Sarkawa da Nufawa da wasunsu, suka kafa tungaye a gaɓa, kowace tunga da shugabanta. Kalmar ta yaɗu, nauyinta ya ragu, domin sarkin ruwan tunga sau da yawa shugaban 'yan sana'a ne, kamar sarkin pawa. Duk da haka, lokacin da kamun kifi ya fara raguwa, aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa su a tafkin, wanda aka gudanar a shekarun 1990, bai sami hanyar isa ga masunta ba sai ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa. Da su aka yi aikin yanka lasisi da hana jan tarun nan mai ƙananan idanu da ake kira dala, wanda yake kwashe 'ya'yan kifi.

Daga sarki zuwa hukuma

Shekarun da ruwa ya ci tsibirai su ne shekarun da gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mai da majalisar sarki mai ba da shawara, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa ga gwamna, tsarin mulkin 1999 kuma bai tanadar wa sarakuna wani aiki ba. Harshe ya rubuta wannan sauyi da kansa. Kalmar da a dā ba ta bukatar siffa ta sami ɗaya, aka fara cewa sarakunan gargajiya, sannan iyayen ƙasa, laƙabin girmamawa wanda ba ya ɗauke da hukunci. Ma'anar mai zartarwa ta koma ga hukuma da mahukunta, kalmomin aro daga Larabci waɗanda ba su da fuska, ba su da gida, ba a yi musu kirari. A lokaci guda sarautun girmamawa suka yawaita ga 'yan siyasa da attajirai, inda kalma ta biyu, wadda a dā ita ce mai ɗauke da aikin, ta zama ado.

Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja ya nufi Wara, hedkwatar ƙaramar hukumar Ngaski, ya nutse ɗauke da mutum fiye da 150, kaɗan ne daga cikinsu suka tsira. Masu ninƙaya na yankin suna cikin waɗanda suka yi kwanaki suna tsamo gawawwaki. Da aka zo tambayar wa ke da alhakin ƙayyade lodin jirage da tilasta sa rigar ruwa, kalmar da aka ji a kafofin labarai ita ce mahukunta. A mashigun tafkin akwai masu amsa sunan sarkin ruwa da sarkin jirgi, sun san kowane jirgi da mai shi, amma dokar da ta tsara zirga-zirga a Kwara ta ba da wannan iko ne ga hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta kuma tana Lakwaja.